Layi Shida a Rigar Malam

Duk Tambuwal babu wanda bai san halin Gidaɗo ba. Ka kai masa riga, zai zuba maka aikin hannu wanda in ka shiga taro sai an waiwaye ka, amma kafin ka karɓa sai ka sha baƙar magana ta ishe ka. Karkataccen ɗinki yana ɓata masa rai kamar an zage shi a kasuwa. Yana zaune a zaurensa kusa da tasha, riga a kan gwiwa, in wani ya gifta sanye da aikin keke sai ya raka shi da tsaki har ya sha kwana.

A shekarun nan kuwa bakinsa bai huta da tsaki ba, don kuɗi sun shigo ƙasa. Sakkwato ta samu jiharta, 'yan kwangila sun tsiro ko'ina, wanda jiya yake kan jaki yau yana kan babur da shadda mai ƙyalli. Kowa babbar riga yake so, kuma jiya-jiya yake son ta. Aiki ya rufe Gidaɗo har ya shekara cur bai taka Kebbe ba, garin da aka haife shi, inda mahaifinsa Malam Abdulƙadiri ke fama da jiki. In an aiko, sai ya ce sati mai zuwa. Ranar da sati mai zuwan ya zo, gawa ya tarar ana wa sutura.

Bayan sadakar arba'in, mahaifiyarsa Inna Sauda ta kira shi ɗaki. Ta jawo adaka daga ƙarƙashin gado, ta fito da wani ƙunshi a cikin tsohon zane ta ɗora masa a cinya. Riga ce, fara, saƙar hannu. Malam limamin unguwarsu ne, kuma maɗinki ne tun yana saurayi, shi ya koya wa Gidaɗo riƙon allura. Wannan rigar ya fara ta ne don babban ɗansa Hammadu, wanda dattawan unguwa suka ce za a ba limanci nan da Juma'a uku.

Inna ta ce, "Malam ya so ya ƙare ta da hannunai, Allah bai nufa ba. Ka ɗora daga inda yat tsaya, yayanka ya shiga masallaci da ita. Amma Gidaɗo, kak ka taɓa ɗinkinai, ko zare guda. Abin da yab bar muna ke nan."

"Haba Inna, ni za a gaya wa? Ni da ɗinkin Malam?"

Bai ko buɗe ƙunshin ba, don hadari ya haɗo, kuma Ɗangiwa yana waje yana ta danna ƙahon babur. Ɗangiwa ɗan gwaggonsa ne, wato taubashinsa. Tare suka fara koyon ɗinki a gaban Malam, amma shi ya gudu tun ba a je ko'ina ba, yanzu ya sayi keken zuba aiki ya buɗe shago a Tambuwal, yana gama riga uku kafin Gidaɗo ya gama zuba aska ɗaya a gaban riga. Haka suka taho ta hanyar Kebbe mai laka, suna tafe suna zagin juna.

Da safe Gidaɗo ya share zaure, ya wanke hannu, ya shimfiɗa rigar a sabuwar tabarma. Kai, aiki! Askokin nan takwas sun sauko daga wuya tsaf, zaren tsamiya, alharinin nan na gargajiya, ya kwanta luf, ko ta bayan rigar ka juya ba ka ganin ƙulli. Abin da ya rage fili ne ɗaya a gefen aljihu, faɗinsa bai fi tafin hannu biyu ba, wanda Malam ya fara cikewa da ɗinkin nan mai huji-huji da su a gidansu suke kira gidan tururuwa. Ɗinki ne mai cin rai. Ba a yanka yadi. Ƙayar beguwa ake sokawa a hankali ta raba zaren saƙar, sannan a bi bakin ramin da allura a ɗaure shi zagaye, ana ja daidai wa daida don ya tsaya a buɗe. A ƙirga zare fuɗu, a sake sokawa. Layin ƙasa kuma a tsakanin ramukan layin sama yake zama, saboda haka kowane layi da na bisansa yake dogara.

Gidaɗo ya bi layukan Malam da ido yana gyaɗa kai. Goma, ashirin, ashirin da biyar, kowane rami kamar ɗan'uwansa. Sai ya iso ƙasa, ya tsaya cak. Layi shida na ƙarshe ba sa ga maciji da na sama. Wani ramin ya wage baki, wani ya tsuke har ba a ganin haske ta cikinsa, wani wurin zare uku aka tsallake, wani wurin shida. Layin ƙarshe ma bai kai gaɓa ba, ya gangara ƙasa ya tsaya a tsakiya, allura na soke a wurin har ta fara tsatsa.

"Subhanallahi! Wane ɗan banza na yay yi wanga?"

Bai ko kawo Malam a ransa ba. Malam ɗin da ya taɓa sa shi warware aikin kwana uku saboda rami ɗaya ya fi sauran girma? Malam ɗin da ke buge masa yatsa da carbi in ya ja zare da ƙarfi? Ina! Wani ne ya samu rigar a ajiye, tsoho na kwance, ya ce bari ya gwada gwaninta. Amma ya tuna kashedin Inna, sai ya haɗiye fushinsa ya ce to, a bar su, zai ɗora a kansu.

Tun daga zare wahala ta fara. Ɗan ƙullin tsamiyar da ya tarar a aljihun rigar bai isa layi biyar ba. Ya zagaye kasuwar Tambuwal kaf, kowa sai ya miƙo masa zaren kanti mai walƙiya, wani ma har da cewa, "Malam, wanga shi aka yayi yanzu." Ya ce su riƙe yayinsu. Sai da ya hau babur har Jabo, wurin wata tsohuwa da har yanzu take kaɗin tsamiya, ya zauna yana jira ta gama daka kafin ta kula shi. Kwana uku suka tafi a kan zare kawai.

Ya zauna ya fara. Ya ƙarasa layin da aka bari, ya shiga sabo. Ya ƙirga fuɗu ya soka, sai ramin ya faɗo daidai ƙarƙashin na sama maimakon tsakani. Ya matsa ya bi tsakanin, sai ƙirga ta zama biyar. In ya bi ƙirga ya saɓa wa layin sama, in ya bi layin sama nasa ya karkace. Ya yini guda ya yi layi biyu, ya ɗaga rigar ya duba ta hasken ƙofa, ya ga aikinsa na tafiya kamar sawun kaza. Ya warware.

Washegari ya canza dabara, ya ce zai riƙa cinye karkatar kaɗan-kaɗan, nan ya ƙara zare ɗaya, can ya rage ɗaya, har ya dawo kan hanya. Layi fuɗu ya yi a kwana biyu. Yadin ya tattare a wurin ya yi tudu, ramukan suka koma masu tsawo kamar idon mage. Ya sake warwarewa. Ya jiƙa wurin da ruwa ya ɗaure shi a bakin ƙwarya don ya miƙe, ya sake gwadawa, allura ta soke shi a yatsa, saura ƙiris jini ya ɗiga a farar riga. Ya yi jifa da ƙayar beguwa, ya tashi ya je ya ɗauko ta, don ita kaɗai gare shi.

Masu riguna suna zuwa yana korarsu. Wani ɗan kwangila ya faka mota a ƙofar zaure ya ce a fito masa da rigarsa ko an gama ko ba a gama ba, Gidaɗo ya miƙa masa ita ta taga ko kallonsa bai yi ba. Abinci in an kawo sai ya huce. Juma'a ɗaya ta wuce, ta biyu ta matso, fili na nan yadda yake, kuma duk wanda ya kalli rigar idonsa kan layi shidan nan zai fara sauka. Abin da ke cin Gidaɗo ke nan. Yaya Hammadu zai tsaya a gaban jama'a, tsofaffin da suka san hannun Malam za su matso su duba, su ce ashe haka Malam Abdulƙadiri ya ƙare. Wannan ba zai yiwu ba, wallahi, yana raye.

Yana cikin wannan ƙunci ne ya tuna cewa duk shekarar da shi bai je Kebbe ba, Ɗangiwa yana zuwa kowane mako kai kaya, kuma a gidan Malam yake yini. Af! Ga mutumin da ya san riƙon allura rabi da rabi, ga rawar kai, ga son a ce ya iya. Ranar Talata da hantsi sai ga shi ya taho a kan babur, rediyo rataye a wuya yana ta kiɗa. Gidaɗo ya leƙo ya daka masa kira.

"Kai Ɗangiwa! Kai na kas sa ƙazamin hannunka cikin rigar Malam?"

Ɗangiwa ko injin bai kashe ba. Ya sa ƙafa ɗaya a ƙasa yana dariya, ya ce, "Awo, ni na, bawana! Duk abin da ya ɓaci a duniyar ga ni na. Tuwonka in ya ƙone ni na, akuyarka in ta ɓata ni na. Ka kai ni gaban alƙali!" Ya ja babur ya bar shi da hayaƙi.

To, yaro ma ya san maganar taubashi ba a ɗora ta a ma'auni. Ka ce masa shi ya saci hasumiyar masallaci, zai ce ƙwarai, tana ɗakinsa. Gidaɗo ya fi kowa sani, shekara arba'in suna haka. Amma zuciyar da ta riga ta yanke hukunci shaida kawai take nema, ko ta ƙarya ce. Ya koma ciki ya ce wa kansa, Inna ɗinkin Malam ta ce kada a taɓa, ba ta ce na Ɗangiwa ba.

Ya ɗauko sabuwar reza. Ya sa bakin allura ya ɗaga zaren rami na farko, ya tsinke, ya zare. Abin ya zo masa da sauƙi har da daɗi, don ɗinkin sako-sako ne, ja ɗaya yake fita. Tsakanin azahar da la'asar layi shida suka tafi. Ya shafa ruwa, ya bi wurin da farce yana mayar da zaren saƙar mazauninsa, ya ƙirga fuɗu daga layin kirki na ƙarshe, ya soka. Rami ya zauna ɗas a tsakani. Alhamdu lillahi! Rabonsa da ya ji iska ta shiga ƙirjinsa haka tun ranar da ya buɗe ƙunshin.

Daga nan aiki ya miƙe. Kwana biyar ya cike fiye da rabin abin da ya rage, kuma ko shi da kansa sai ya duba da kyau yake gane inda tsamiyar Malam ta ƙare, ta Jabo ta fara. Ranar Lahadi da yamma Ɗangiwa ya shigo zauren da saƙon Yaya Hammadu, wai a ji ko riga za ta samu. Gidaɗo ya baza masa ita a tabarma yana hura hanci.

"Duba nan, mai keke. Haka aka aiki."

Ɗangiwa ya durƙusa yana murmushi, ya kai yatsa gefen aljihu. Murmushin ya tafi. Ya bi layukan daga sama zuwa ƙasa, ya sake bi daga ƙasa zuwa sama, ya ɗago.

"Gidaɗo, ina layukan nan?"

"Naka? Na kwashe su. Ka gode Allah ban kai ƙararka wurin Inna ba."

Ɗangiwa ya zauna daɓas. Tunda suke, Gidaɗo bai taɓa ganin fuskarsa babu wasa ba sai yau. Ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ni ban taɓa soka allura a rigar ga ba. Wasa nika yi maka, wasan da muka saba. Na Kawu Malam na."

"Ƙarya kaka yi."

"Da ƙarya ta, da na fi ka murna. Kai ba ka gan shi ba. Tun bayan Sallar layya hannun ya fara rawa, ido kuma ya yi hazo. Zare ma ba ya iya sa wa allura. In na je nika zura mishi allura goma in soke a matashin kai, su kai shi mako. Da farko yana rami biyar a yini, daga baya biyu, daga baya guda. Wata ukku ya yi a kan layi shidan nan. Na ce Kawu, a kai wa Gidaɗo mana ya ƙarasa. Ya ce a ƙyale ka, aiki ya yi maka yawa."

Gidaɗo ya sunkuyar da kai. Kunya da baƙin ciki suka taso masa lokaci guda, har ya rasa wanne ya fi zafi. Ya so ya zagi Ɗangiwa, ya ce don me bai faɗa ba tun ranar Talata, amma ya san amsar: bai tsaya ya tambaya kamar mutum ba. Tsalle ɗaya ya yi ya faɗa rijiya, yanzu ko ya yi dubu ba zai fito ba.

Duk da haka ya gwada. Da gari ya waye ya ɗauko wani ƙyallen saƙa ya ce zai koyi karkataccen ɗinkin, in ya iya sai ya warware nasa ya mayar da layi shidan yadda suke. Mutumin da ya shekara talatin yana horar da hannunsa kada ya kauce, yau shi ne zaune yana roƙonsa ya kauce. Ya ƙirga uku da gangan, yatsa ya kai fuɗu da kansa. Ya saki zare sako-sako, hannu ya ja shi daidai. Da ya matsa ya karkatar da ƙarfin tsiya, abin da ya fito bai yi kama da na Malam ba ko kaɗan, ya yi kama da mai lafiya yana kwaikwayon gurgu. Kuma ko da ya iya, bai tuna wane rami ne babba wane ne ƙarami ba, don kallon tsana ya yi musu, bai yi musu kallon karatu ba. Ya shafa wurin a jikin rigar, ya ji yadin ya yi laushi saboda yawan warwara. In reza ta sake bi ta nan, yagewa zai yi. Ya jefar da ƙyallen, ya ja rigar ya ƙarasa ta a miƙe, ransa baƙi ƙirin.

Ranar Alhamis suka kama hanyar Kebbe. Wannan karon babu wanda ya zagi wani. Sai da suka hango gari Ɗangiwa ya juyo ya ce, "Ka yi shiru kawai. Idon Inna ma ba ƙarfi gare shi ba, ba lalle ta lura ba."

Gidan cike yake da mata ana ta dakan hidimar gobe. Inna Sauda ta ja shi ɗaki, ta zauna a bakin gado, ta karɓi rigar da bisimilla. Ba ta kalli askoki ba, ba ta kalli wuya ba. Hannunta ya tafi kai tsaye gefen aljihu, babban yatsa ya sauka inda ya san zai sauka. Ta shafa. Ta matsa ƙasa kaɗan ta shafa. Ta juya rigar ta baya, ta matso da ita bakin ƙofa wurin haske.

"Ina na Malam?"

Gidaɗo yana durƙushe, kansa a ƙasa. Ya ce, "Na gyara, Inna. Ban san nashi ba ne."

"Ka gyara."

Ta koma bakin gado ta ɗora rigar a cinya. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba, shi kuwa ya fi son ta kwaɗa masa mari. Ta ce, "Ni ka riƙe mishi gefen rigar in zai soka, don hannun ba ya iya riƙo da suka lokaci guda. In ya gama rami ɗaya sai ya ce in duba mishi ko ya yi. In ce ya yi."

Ta ninke rigar a hankali, hannu da hannu, ta ɗora a kan matashi. Sannan ta buɗe tafin hannunta ta miƙo masa.

"To, ba komai. Ba ni zaren da kac cire, in ajiye."

Gidaɗo ya kalli tafin hannun. Tun ranar ya tattara zaren da tsintsiya tare da ƙurar zaure, ya watsa a kwata, da yamma kuma aka yi ruwa. Inna ba ta janye hannun ba, tana jira.